Hannu a Aljihu

Ranar farko Sufeto Jabbi bai buɗe littafi ba.
Ya ce mu sa hannuwa a aljihu.
Mu goma sha ɗaya, a wani ɗaki a Arkilla
inda fanka ke juya zafi kamar mai tuƙa tuwo,
muka yi awa guda a tsaye
muna kallon kofin shayin da ya bari a tebur.
Ya ce, "Wanda ya fara taɓawa shi ya fara ɓatawa.
Darasin yau ke nan. Ku tafi."

Na koma Mabera da haushi.
Kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa
don kallon kofi?

Da dare na tuna kakana, Modi na Gwadabawa,
wanda ake tayarwa kafin assalatu in an kore shanu.
Ko sunansa bai iya rubutawa ba,
amma zai tsuguna a bakin garke ya ce,
"Su biyu ne. Ɗaya na ɗingishi da hagu,
ɗaya ya ari takalmin da ya fi ƙafarsa."
Sai ya kife ƙwarya a kan sawun
kada kaji su riga alƙali karantawa.

Ashe ƙwaryar nan aka kira mu koya,
an dai mai da ta igiya ruwan ɗorawa.

Wata uku ina shafa hoda baƙa kamar kwalli
a kan kwalba, kwaɗo, madubin mota,
har zanen yatsa ya taso
kamar kunyoyin gona in an hango daga tudu.
Na koyi cewa jini ba ya son leda:
a zafin Sakkwato, kafin la'asar ya lalace.
Takarda yake so, da inuwa, da haƙuri.
Na koyi ɗaukar hoto daga nesa kafin na kusa,
da ajiye rula a gefen kowane tabo.
Na koyi sa hannu:
wa ya ɗauka, wa ya ba wa, ƙarfe nawa,
kamar yadda malamai ke jero isnadi.
In mutum ɗaya ya faɗi daga silsilar,
lauya ya sami ƙofa.

Jarrabawar farko na faɗi.
Komai daidai, sai dai na jingina da ƙyaure
ina tunani.
Jabbi ya ɗago sawun kafaɗata da gumina,
ya ce, "Kurtu Tumba, ga ɓarauniyarmu."
Aji ya fashe da dariya. Ban ci abincin dare ba.

Bayan shekara, a Gawon Nama,
aka fasa shagon mai sayar da waya.
Kafin mu iso unguwa ta gama shari'a:
yaron shago ne, Ɗan'ige,
ga shi zaune a ƙasa, leɓe a kumbure.
Na zagaye wurin da igiya,
na roƙi dattawa su ja baya, suka harare ni.
A cikin akwatin kuɗi, can ƙarƙashin murfi,
babban yatsa guda, da tsohon tabon yanka a tsakiya.
Na duba yatsun Ɗan'ige goma.
Sumul.

Babu wanda ya tafa.
Uwarsa ce ta aiko da fura a kwanon sha,
na mayar, don doka,
ina haɗiyar yawu.

Yanzu igiya biyu ce a hannun rigata.
Takardar neman babban kwas ta yi damina biyu a ofis,
ina bibiya duk Litinin, ana ce mini gobe.
Hodarmu kan ƙare, safar hannu mukan saya da kuɗinmu.
Jabbi ya yi ritaya, yana noman albasa a Kwalkwalawa.

Jiya aka turo mini sababbi bakwai.
Na ajiye kofi a tebur.
Wani dogo daga Tangaza ya miƙa hannu zai gyara masa zama.
Na bar shi ya taɓa.