Gadon Kawu Nalado

A Ƙofar Sauri, gindin darbejiya,
shekara arba'in har da ɗoriya
Kawu Nalado na facin taya.
Bai taɓa wuce Funtuwa ba.
Ruwa mafi girma da idonsa ya gani
dam ɗin Jibiya ne, shi ma da rani.

Amma leƙa shagonsa ka sha kallo.
A jikin ƙusa, jere kamar tsire,
ham ɗin keke ne iri-iri ya tare:
ga mai kan agwagwa, ga mai bakin kada,
ga kwaɗo kore, in ka matsa cikinsa
ya yi kukan jaririn da aka hana nono,
ga aku ja mai fiffike ɗaya,
wanda ko nawa ka taya
sai Kawu ya ce: albarka.

Can sama kan katako, 'yan tsibiri ke zaune.
Daga dilar gwanjo suka fito,
cikin aljihun wata rigar sanyi, in ji shi.
'Yar tsana mai zanen ciyawa,
fure a kunne, garaya a ƙirji,
in tirela ta wuce sai ta hau girgiza ƙugu
ba makaɗi, ba mai liƙi.
Abarbar roba wadda ƙuda ya gaji da yaudararta.
Da kofin tangaran mai fuskar mutum,
ido zuru-zuru, haƙora waje,
kamar wanda aka faɗa wa kuɗin buhun shinkafa.

Malam Gide ladan ya tsaya wata la'asar,
ya nuna kofin da bakin carbi:
Nalado, gunki ka aje?
Kawu ya juye shi a tafin hannu,
boris da noti suka zubo.
Ya ce: Malam, bawa ne, ba ubangida ba,
shi ke min ajiya.
Malam ya yi dariyar da ta tsinke masa tari,
ya tafi da kwaɗon nan a kan Ralinsa.
Har yau Unguwar na sanin tahowarsa asuba.

Na tambaye shi ina ne garinsu.
Ya ce: inda ƙasa ta ƙare, ɗana,
inda ake noman kwakwa kamar gero,
kowa da kwalekwale, babu mai faci.
Ya ɗan yi shiru.
Da can aka haife ni, da yunwa ta kashe ni.

Sai babur ya zo, sai mai ƙafa uku.
Famfo ya yi tsatsa, gam ya daskare a gwangwani.
Yara kaɗai suka rage,
su matsa, su ruga,
shi kuma ya yi kamar bai ji ba.

Ranar rabon gado an ƙiyasta sifana,
an ƙiyasta benci, har da langalangar rufi.
Da aka zo kan katako mai rabo ya aje biro,
ya ce wannan ba shi da lissafi.

Ni na ɗauki akun.
Jiya da dare na matsa shi a soro.
Robar ta tsage ashe, ba kuka,
sai wata 'yar iska ta fito a hankali,
irin wadda Kawu kan saki
in ya miƙe daga tsugunne
ya mirgina maka kekenka ya ce:
je ka, sai ka samu ka kawo.