Kujerar Da Ta Yi Mini Kaɗan

A Wad Madani, bayan sallar isha,
na taɓa zama ɗan aji.
Shekara arba'in da bakwai, furfura ta fara leƙo gemu,
gwiwoyina sun tokare teburin yara.
Ustaz Bashari mutumin kirki ne, ban musa ba,
amma kwana bakwai muka yi a shafi ɗaya
ana jiran Hamidan ya gane,
ni kuwa tambaya na ci mini rai:
me ya sa injin ban-ruwan Ɗanjuma
ke haɗiyar iska in Nilu ya ja baya?
Na ɗaga hannu.
Ya ce wannan ba ya cikin manhaja.

Mako uku na jure. Na huɗu na bar musu kujerarsu.

Yanzu ajina gindin bedi ne, a bakin ruwa.
Littafina cikin kwalin famfo ya zo,
ya sha baƙin mai, ɓera ya ci masa kunne.
Kalmar da ta gagare ni
nakan rubuta ta a bayan hannu
in kai wa Sakina mai shayi, wadda ta yi sakandare.
Kalma uku, kofi ɗaya. Haka muka yi ciniki.

Ba mai kaɗa mini ƙararrawa.
Wata ran shafi goma,
wata ran layi ɗaya, in yi ta tsotsarsa kamar ƙashin miya.
Sau biyu na ƙone wa Attahiru waya.
Na biya. Kuɗin makarantata ke nan,
karatun ranar kuwa har gobe bai zube ba.

Ba zan ɓoye ba, akwai abin da ya wuce ni.
Da ofishin ban-ruwa suka nemi makaniki
takarda suka tambaya, mai hatimi.
Na miƙa tafin hannuna. Akawu ya yi dariya.
Daren nan ko kisira ban taɓa ba.

Jiya da hantsi, shekara biyu cur,
ina tsugune cikin laka har idon sawu
na gano ta:
tsaga ce, siririya kamar gashi,
a wuyan tiyo, inda ruwa ke rufewa da damina.
Na ɗaure ta da tsohon tif na keke.
Injin ya yi tari, ya yi shiru, ya kama.

Ba wanda ya ba ni maki.
Ruwa dai ya hau,
ya bi kunya-kunya ya shiga albasa.
Na goge hannu a wando,
ga wata kalma a bayansa
da Sakina ba ta gani ba tukuna.