Lita Tara

Tun azahar suka ɗauke wuta a Bagalam.
Firji ya yi tsit,
kamar wanda mai bin bashi ya yi wa sallama.
Lita tara ta madara na ciki,
ko rabin kuɗinta ban biya ba.
Na buɗe, na rufe, na sake buɗewa,
sai ka ce kallo na ƙara sanyi.

Gwaggo Dudu ta leƙo ta kan katanga:
"Ke Barira, madara ba ta jiran masu wuta.
Aiki yaron nan bayan garejin Illiya
ya karyo miki tumfafiya,
ɗanya, mai nono a jijiya."

Tumfafiya?
Wadda ke tsaye bakin juji,
ko jaki ba ya gaishe ta?
Ban musa ba. Wanda ruwa ya ci,
ko takobi aka miƙa masa kamawa yake.

Harisu ya dawo da farin jini a yatsu.
"Kar ka taɓa ido!" muka ce a tare.
Gwaggo ta zagayo da kujerarta a ka,
ta daka, ta jiƙa, ta tace a tsumma,
ta ce in rage gawayi.
"Kada ta tafasa. Ki bar ta ta yi zufa kawai.
Ajiye ludayin nan,
ba kunu kike damawa ba."

Muka zauna.
Ladanin la'asar ya kira, ya gama.
Tukunya ba ta ce komai ba.
Na fara lissafin abin da zan sayar,
zanen sallar bara ko ƴan kunnena,
sai farin ya tsage.
Ya rabu gida-gida,
kamar hadarin da ya fasa zubowa,
yana yawo cikin ruwa mai kore-kore.

Na kwashe a rariya,
na ƙulle a tsohon kallabi,
na danne da dutsen da ke tokare mana ƙofa.
Ya yi ta ɗiga har rana ta sauka bayan gulbi.

Da na kwance ƙullin, gabana ya faɗi.
Lita tara,
ga ta nan, ba ta cika faranti ba.
Gwaggo ta auna a tafin hannu, ta taɓe baki:
"Ruwa ne ya tafi, ƴata.
Amma ruwan nan ya fi na saniya yawa.
Wa kika ce yana kawo miki?"

Na yanka kamar sabulu, na barbaɗa gishiri.
Yankan farko na yi gaggawa,
man gyaɗa bai yi zafi ba,
ya narke, ya kama kasko, na kankare shi ina tsaki.
Na biyu ya faɗa da guɗa.
Ya nutse, ya taso, na juya bayansa,
ya ɗauki launin jar akuyarmu ta Maradi,
ciki kuwa fari sol, laushi kamar kunnen jariri.
In ka ciza, yana kuka a haƙori
irin na sabon takalmi.

Yajin ƙuli a murfin kwano.
Harisu ya ƙona harshe, bai fasa ba.
Baban Harisu ya jingine kabu-kabu,
ya ci huɗu a tsaye kafin ya tambayi mene ne.
Ƴaƴan maƙwabta suka jeru a zaure,
waɗanda ko aike ba ka samunsu.

Bayan isha'i unguwa ta ɗauki ihu,
an kawo wuta.
Firji ya farka yana gurnani,
yana sanyaya iska da robar ruwa guda.

Gwaggo ta tafi da nata a takarda,
akuya ta shanye ruwan da ya saura.
Gobe da asuba mai madara zai buga ƙofa.
Na ajiye masa yanka biyu
da tambaya ɗaya.