Biyu Suka Fita

Ƙarfe huɗu na yamma, Shefil ta riga ta kunna fitilu.
Yayyafi a jikin taga, bai zuba ba, bai ɗauke ba.
Ni kaɗai na rage a ɗakin gwaji na hawa na uku,
ni da kwalba mai dogon wuya
da wuta a ƙarƙashinta.

A cikin kwalbar akwai gida mai ɗaki huɗu,
kabon a kowane ɗaki,
biromin kuwa ya sauka a na biyu, baƙon da ya daɗe.
Na zuba masa kanwar Bature narke a itanol.
Kanwa uwar gami,
ashe ko a nan ba ta bar hali ba.

Da a ruwa ne, in ji Dakta Holis, musanya za a yi:
wani ya tashi, wani ya hau tabarmarsa.
Amma itanol da zafi ba su san musanya ba.
Kanwa ta fizge haidirojin a ɗakin maƙwabci,
a ƙiftawar idon nan biromin ya fice ta ƙofar baya,
ba sallama, ba wanda ya jira wani.
Kabon biyun da aka bari
sai su kama juna da hannu biyu.

Maƙwabcin dama haidirojinsa uku, na hagu biyu.
Na mai biyun aka fi ɗauka.
Ban sha wuyar haddace wannan ba,
a Malumfashi na girma.

Shekara ɗaya muka bar gidanmu,
Baba ta ƙofar da ba a dawowa,
ni ta filin jirgin Kano, da akwati da ƙullin yaji.
Ba wanda ya zo ya maye gurbi.
Inna da Zulai, da ba sa gama tuƙa tuwo ba cacar baki,
yanzu in na kira, fuska biyu ke cika waya ɗaya,
wannan ta fara magana, waccan ta ƙarasa.

Iskar da ta taso na bi da ita ta ruwan biromin.
Launin ruwan goro ya dushe, ya washe tas.
Littafi ya ce shaida ke nan, ɗauri ya zama biyu.
Abin da ya faɗa a ƙasan shafi, da ƙananan baƙaƙe:
launin ya tafi ne don hannu na biyun ya buɗe
ya karɓi mai shigowa.

Na rubuta awo, na kashe wuta, na wanke kwalba.
A tashar tarago, hannuna na rawar sanyi,
na duba kuɗin jirgin Disamba.