Bashin Iri

Na bar Tawa ana sallame asuba,
takalmin roba, gora, sanda,
tiya biyu na gero a tsohon buhu bisa kafaɗa.
Mai kabu-kabu ya ce, "Malam, hau mana."
Na ce bashin da aka ɗauko da ƙafa
da ƙafa ake mai da shi.

Inda kwalta ta ƙare ƙasa ta yi ja.
Ruwan shekaranjiya ya kwana cikin tassa,
kowane rami da ɗan madubinsa.
A jikin tudu ga baƙaƙen duwatsu a jere,
mata suka ɗauko su da ka, ɗaya bayan ɗaya,
don su ce wa ruwa: tsaya, ina kake sauri?

Gawo ya tuɓe ganye.
Shi da damina ba sa ga maciji,
kowa na sa kore, shi yana tsaye tsirara,
ko a jikinsa.

A kwari na iske Mijinyawa cikin lambu.
Albasa ta tashi, tana rudu tana jiran kuɗi,
saura tonka da yalo,
da wata kurangar inabi da ya jingina wa darni.
Shekara shida, in ji shi, ƴaƴa tara ta taɓa yi,
tsuntsu ya ci bakwai.
Ya ja mini wasaki ɗaya, na sha har haƙora suka yi tsami.
"Tungar Abarshi? Bi kalgo, ka bar geza a hagu.
In ka ji jaki, ka iso."

Sai daji.
Sabara, aduwa, magarya mai riƙe baƙo da riga.
Ƙaya ta huda roba ta gaida tafin ƙafata,
na zauna cire ta, zabi suka tashi da tsegumi.
Nan muryar Baba ta same ni,
ba ta ƙarfinsa ba, ta daren ƙarshe:
"Shekarar da muka cinye irinmu,
Nomau ya auna mini biyu. Ban mayar ba."

Buhu ya ƙara nauyi.
Gero ne, na sani, amma ya ƙara nauyi.

Tunga ta fari, rumbuna sun fi ɗakuna yawa,
manyan tuluna masu hular ciyawa,
na ƙwanƙwasa ɗaya, ya amsa da muryar wofi.
Tunga ta biyu, kare kaɗai ya yi mini magana.
Ta uku, la'asar sakaliya, jaki ya yi kuka.

Nomau ya shekara uku a ƙasa.
Haɓsu ce a gindin turmi, ido ɗaya ya yi fari.
Na faɗi sunan Baba, ta juya shi a baki,
ba ta same shi ba.
"Waccan shekara, ɗana, wa ya ƙirga?"
Ta tsoma hannu a buhu, ta sansana, ta ciji ƙwaya.
"Na gona ne ko na kasuwa?"
Ni tela ne. Na sunkuya. "Na kasuwa, Inna."
Ta yi dariya har ta riƙe taɓarya.
"To, ƙasa ba ta tambaya.
Iri ba a biyansa a hannu.
Alka! Ɗauko sungumi."

Yaro na gaba yana sara,
ni a baya, ƙwaya kaɗan, in rufe da diddige.
Shekara talatin ina taka keken ɗinki,
ashe diddigen bai manta ba.
Muka yi layi goma sha ɗaya, duhu ya kore mu.

Yanzu ina kwance kan tabarmar mamaci,
ƙafafu sun kumbura, gabas na walƙiya.
Buhuna na rataye, na ɗauka wofi ne,
na laluba, sai ƙamshin gabu,
ta cusa shi ban gani ba.

Baba, na biya naka.
Gobe zan koma Tawa da nawa.