Lissafin Tsohon Tela

Da idona ya daina ganin kafar allura
na lulluɓe keken ɗinki da tsohon zane,
na ce wa Barira zan shiga kiwo.
Ta dube ni, ta dubi tsakar gida,
taku bakwai daga randa zuwa bayi,
ta ce Allah ya sa alheri,
irin faɗar da ake wa mai shiga gulbi da damina.

Ran kasuwa na hau kabu-kabu,
na komo Bagalam da kaji biyar a rataye,
jika goma sha biyu sun bi ruwa.
Mai kaji ya rantse: sagara huɗu, zakara guda.
Da dare na buɗe littafin awo,
inda wuyan mutane da kafaɗunsu ke rubuce,
na sa huɗu sau goma, arba'in,
arba'in sau goma kuma.
Kafin in kashe fitila har na sayi rago,
na yi wa ɗaki rufin kwano.

Sati uku, da asuba,
sai na ji cara murya biyu.
Sagara ɗaya ta fito da kora da zara.
Barira na dama fura, ba ta ɗago ba,
kafaɗarta kaɗai na ga tana rawa.

Na koyi dusa, na koyi tsaki,
na koyi tonon gara da sassafe bayan makaranta.
Na koyi ba da haƙuri ta kan katanga
ran da suka cinye shanyar kuɓewar matar Nomau.
Akurkin da na gina da ragowar langa-langa
ya karkace kamar wandon ɗan koyo.

Sai ciwo ya shigo unguwa, bai yi sallama ba.
Suka sauke fiffike, suka lumshe ido,
wuya ya murɗe, baki na dalala.
Arzika ya ce barkono a ruwa,
wata ta ce ɓawon maɗaci,
na ba su duka.
Huɗu na binne gindin dogon yaro,
da hannun da bai taɓa riƙe hauya ba.
Likitan dabbobi ya zo a makare da ɗan kwalbarsa,
ya ce, Baba, rigakafi kafin ciwo ake yi,
kamar awo kafin yanka.
Wannan kam na gane.

Saura Gurguwa,
wadda na so in mayar tun a kasuwa.
Ta raina akurki,
ta shige ƙarƙashin keke, cikin kwandon ƙyallaye,
ta bi zakaran Nomau ba da izinina ba.
Ƙwai goma sha ɗaya.
Kwana ashirin da ɗaya ina leƙe,
tana hura mini wuya kamar na zo bin bashi.
Takwas suka fasa, uku baragurbi.

Shirwa ta ɗauki ɗaya ina tsaye, buta a hannu.
Sai na tuna galurar da ta rage a gwangwani,
na rina bakwai ɗin nan ja da shuɗi.
Shirwa ta zo, ta kewaya sama,
ta rasa wane irin dangi ne wannan, ta wuce.
Yara na taruwa bakin ƙofa
kallon tsakin tela masu kayan salla.

Jiya surukina ya iso daga Tibiri.
Barira ta wasa wuƙa, ta nuna Gurguwa da haɓa.
An ce sabo da kaza ba ya hana yanka.
Wanda ya faɗa bai yi jinya ba.
Na saka takalmi, na nufi tukuba,
na sayo balangu na jika biyu, bashi.

Littafin awo yana nan.
Na soke arba'in, na soke rago,
na rubuta bakwai,
da fensir.