Kayan da Ba a Auna Ba

Naira ɗari uku na ba Tanimu
a bakin titin Samaru, inda yake shanya tsofaffin littattafai kamar barkono.
Bangon ya yage. Wani ɗalibi ya lissafa bashinsa a shafin farko.

Aka ɗauke wuta, na karanta da fitilar waya:
mutum dubu biyu cikin kumbo,
an tace su kamar gasara,
likitoci, masana ƙasa, masu haɗa inji.
An auna jininsu, an auna takalmansu,
har gishirin da za su lasa ya hau sikeli.
Ƙyashi kaɗai ya shige ba a tambaye shi takarda ba.

Shekara tara suna tafiya.
Suka sauka a jar ƙasa mai rana biyu,
suka kifa ƙoƙon gilashi, suka ce masa gari.
Ba sauro, ba kabarin kakan kowa,
ba gonar gado da za a ja.
Na ce madalla, yau dai ɗan Adam ya huta.

Shafi na casa'in, mai rabon iska ya fara danne mudu.
Gaba kaɗan, waɗanda suka fara sauka
suka ce su ne 'yan ƙasa,
na kumbo na biyu baƙi ne,
alhali wata shida ne tsakani.
Aka ja layi da alli a ɗakin shuka,
tumatirin can ya daina gaisawa da na nan.

Na yi dariya har Barau ya yi gyaran murya ta bayan katanga,
Barau da muka yi wata huɗu ba ko sannu
kan wa zai biya gyaran famfo.

Na fito tsakar gida.
Taurari sun zubo har kan Kufena,
kowanne fes, kamar ba a taɓa yin gulma a kansa ba.
Ku dai jira, na ce musu, muna tafe,
da jarkokinmu, da wa ya riga wa a layi.

Ko sun shirya? Ban sani ba.
Shafukan ƙarshe babu,
wata mai ƙosai ta riga ni.

Da asuba na ƙirga rabin kuɗin famfo,
na sa a aljihu, na nufi ƙofar Barau.
Na ji yana tari. Na tsaya.
Ai shi ne ƙarami.

Yau kwana uku, kuɗin na aljihu.